Kanayo Mai Tausayin Ƙafa

Wa ya fi ƙasƙantar da kansa: wanda ya durƙusa ya ɗora ƙafar wani a kan cinyarsa, ko wanda ya cire takalmi ya miƙa ƙafar? Shekara biyu ke nan ina juya wannan tambaya a rumfata ta gyaran rediyo da agogo a Tudun Wadan Gombe, har yau ban ga ƙarshenta ba. Wani lokaci ina cikin kwance agogo sai in ga na ajiye shi ina kallon tsallaken titi. Mutumin da ya jefa ni cikin tambayar yana can tsallaken, kuma ƙarshen wannan wata zai ajiye aikinsa. Kafin ya ajiye nake so in faɗi abin da mutanen layinmu suka gani da idonsu.

Sunansa Kanayo. Direbobi suna tsokanarsa da Kanayo wanda bai taɓa taka Kano ba, shi kuma ya ce musu ai Kano ce take takowa wurinsa, ƙafa bibbiyu. Kafin a idar da sallar asuba ya riga ya hura gawayi a bakin shagonsa ya ɗora babbar tukunya, masallata su fito su tarar da tururin ganyen dogon yaro ya cika layi. Robobi huɗu yake jerawa, ya zuba gishiri da 'yar kanwa a kowace. Da gwiwar hannu yake gwada zafin ruwan, wai yatsunsa sun saba da zafi har sun daina faɗa masa gaskiya. Sannan ya fito da kayan aiki, waɗanda duka ba za su cika kwali ɗaya ba: gwangwanin man kaɗanya, dutsen goge kaushi, tawul da matarsa Obiamaka ta dafa ta shanya tun jiya, da wani guntun ice mai santsi da bai fi tsawon yatsa ba. Shagon ɗaki ɗaya ne aka raba da labule. Gaba na maza, baya na mata. Bayan labulen nan mulkin Obiamaka ne, ko mijinta ba ya leƙawa.

Tausar ƙafa ce sana'arsa, shekara ashirin da uku ke nan. Abin da ake ba shi bai wuce kuɗin kwanon shinkafa da wake a bakin titi ba, don haka ba manyan gari ne suke zuwa ba. Direbobin dogon zango ne, da teloli masu keken ƙafa, da masu tura baro, da malaman makarantar da suke wuni a tsaye. Mutum zai shigo fuska a ɗaure, ya tsoma ƙafa a ruwan ɗumi, Kanayo ya zauna a 'yar kujerarsa ta tsuguno ya ɗora tawul a cinya. Kafin a je ko'ina ka ji minshari. A bango akwai zanen tafin ƙafa, an rarraba shi kamar gona, nan hanta, nan ƙoda, nan ido. Ya ce wani tsohon ɗan ƙasar Sin da yake dafa wa ma'aikatan wani kamfanin gina hanya abinci ne ya koya masa, lokacin yana saurayi yana yi musu wanki. Ni dai ban sani ba ko da gaske hanta tana da gida a tafin ƙafa. Na taɓa tambayarsa, ya ce shi ma bai taɓa ganinta a can ba, amma ya san inda gajiya take kwana. Kuma duk wanda ya zo masa da ciwon da ya fi ƙarfin ruwan ɗumi, ba ya taɓa shi. Ya kan ce shi ba likita ba ne, ya nuna masa hanyar asibiti, wani lokaci ya rufe shago ya raka shi.

A saman ƙofarsa akwai allo mai launin ruwan ganye, an rubuta: ANA TAUSAYIN ƘAFA A NAN. Lokacin da ya zo Gombe Hausarsa ba ta nuna ba, tausa da tausayi duk ɗaya suke a kunnensa. Yadda ya faɗa wa mai fenti haka mai fenti ya rubuta, ko don mugunta ko don shi ma Hausar aro yake yi. Unguwa ta yi dariya ta ƙoshi, sunan kuma ya bi shi. Har gobe idan ka tambayi ɗan acaɓa shagon Kanayo zai yi jim, amma ka ce Mai Tausayi sai ya ce hau. Yanzu Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, amma kalmar nan guda ta ƙi barin bakinsa. Ni kuwa da na koyi boko da kaina, daga tsofaffin jaridun da ake naɗo mini kayan rediyo, kuskuren rubutu yana damuna kamar tsakuwa a takalmi. Ban san sau nawa na tsallaka na ce ya bari in gyara masa allon da hannuna ba. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Malam Bawa, harafi biyu ne fa. Bar su su zauna, ba su tare wa kowa hanya ba."

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Wanda ya zauna Gombe a lokacin ya san yadda ƙafa ta sha wuya. Kowane shinge sai ka sauka daga babur ka tura shi har ka wuce, wata rana sau biyar kafin ka isa kasuwa. Mota ba ta kusantar masallaci ko coci, sai a ajiye ta nesa a taka. 'Yan'uwan Kanayo da yawa suka ɗaure kaya a saman manyan motoci suka koma kudu, kuma ban ga laifin kowa ba, don ni ma da ina da wani garin ban san abin da zan yi ba. Yayansa ya yi ta bugo waya. Kanayo ya tura 'ya'yansa biyu, Tobenna da Chizaram, karatu can, shi da Obiamaka suka zauna. Da na tambaye shi dalili sai ya ce a can garinsu ba wanda ya san hannunsa, shi ma bai san ƙafar kowa ba.

Ranar da bam ya tashi a tasha, mutane sun gudu ba takalmi. Suka kwararo ta layinmu, tafin ƙafa duk gilas da tsakuwa, waɗanda rauninsu bai kai a karɓe su a asibiti ba a irin wannan rana. Kanayo ya yaye labulen nan da ba a taɓa yayewa ba. Shi da Obiamaka suka wuni a durƙushe da hantsaki da ruwan gishiri, ba su tambayi sunan kowa ba. Amma abin da Amir direba yake faɗa har yau ba wannan ba ne. Da aka buɗe wurin bayan kwana biyu, Kanayo ya ɗauki buhu ya tafi ya tsinto takalman da aka zubar, ya wanke su, ya jera su a gindin katangar shagonsa. Amir ya ce yana tahowa da silifan aro sai ya ji an kira shi, Kanayo yana nuna masa da leɓe, wai ga nasa can, wanda na hagu ya cinye ta waje. Ashe mutumin nan ya san takalman mutanensa kamar yadda na san muryar kowace rediyo a layin. Cikin mako guda kowa ya zo ya ɗauki nasa. Ƙafa bakwai suka rage, ba wanda ya zo nema. Ɗaya daga ciki Kanayo ya gane, na wani mai tura baro ne da yake zuwa masa duk Juma'a. Ya naɗe su a tawul mai tsabta, suka tafi gidan mutumin a unguwar Jekadafari da Obiamaka, ita ta shiga ta miƙa wa matarsa, shi ya tsaya a ƙofar gida ya cire hula.

Bayan wannan da kamar sati uku Bamanga ya sauka a unguwarmu. Dattijon Bafulatani ne, dogo, siriri, da sanda da malfa. Daga wata ruga can bayan Buni Yadi ya fito, ya ratso daji a ƙafa kwana goma sha ɗaya har Nafaɗa, tare da Adda matar ɗansa da jikoki. Mutanen masallaci suka ba su ɗaki a wani gida. Kullum da hantsi sai ya zo ya zauna a bencina saboda rediyo. Bai taɓa cewa in murɗa masa tasha ba, amma idan aka fara labarai sai in ga ya karkato da kunne. Ƙafarsa ta hagu a naɗe take da tsumma, ya cusa ta a takalmin roba, yana takawa a hankali kamar wanda ba ya sauri don ganin dama. Idan ka gaishe shi kalma ɗaya ce, jam, wato lafiya a bakin Fulani. Ya iyali? Jam. Ya gajiyar hanya? Jam. Ƙafar fa, Baffa? Sai ya dube ka kamar ka tambaye shi abin da ba a tambaya, ya ce jam.

Kwana biyu Kanayo yana kallon takun nan daga tsallake. Rana ta uku ya goge hannu ya tsallako, ya rusuna ya gaishe shi, ya ce: "Baffa, zo shago in yi maka tausayi. Ba sai ka ba da komai ba."

Akwai mutane a bencin. Bamanga bai ɗaga murya ba. Ya dubi Kanayo daga sama har ƙasa, ya ce: "Wa ya gaya maka tausayi na zo nema a garinku?"

Na yi wuf na shiga tsakani, na bayyana masa cewa tausa yake nufi, bakinsa ne ya saba da kuskuren, duk unguwa ta sani, ga allo can ma. Dattijon ya saurare ni har na gama. Sai ya ce bakin mutumin ya yi kuskure, ya yarda, amma idonsa bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya tashi. Ranar bai jira labarai ba.

Na daɗe ina tunanin wannan magana, domin gaskiya ya faɗa. Tausayin ne a idon Kanayo, ni ma na gan shi. To laifi ne ka ji tausayin wanda ya cancanci a ji tausayinsa? Idan kuwa ba laifi ba ne, me ya sa yake ƙona wanda aka yi wa? Daga bayan labule muka samu sauran labarin, don Adda ta fara zuwa wurin Obiamaka. Shanu tamanin aka kora. Babban ɗan Bamanga, Hamman, ya bi sawunsu, aka harbe shi. Uban ne ya haƙa rami da sanda da hannu a gindin wata aduwa ya rufe shi, kuma a wurin ƙaya ta shige masa ƙafa ta karye a ciki. Tun ranar bai bar kowa ya ga ƙafar ba, bai kuma yi zancen mamacin ba. Dama Bafulatani ba ya kiran sunan ɗan fari ko yana raye, balle yanzu. Da Obiamaka ta gaya wa mijinta, sai ya ce ashe ba ƙaya kaɗai dattijon ya naɗe a tsumman nan ba.

Kanayo bai sake tunkarar dattijon ba. Amma da azahar, jama'a na cikin sahu, sai na hango shi a ƙofar masallaci ya tsuguna a gaban takalman masallata. Ya ɗauki na roban nan na hagu, ya leƙa cikinsa, ya kai hanci, ya mayar da shi daidai yadda ya same shi. Washegari ya roƙi Safiyyatu, wata nas da take zuwa wa Obiamaka idan ta tashi daga aiki, ta tsaya ta duba takalmin ita ma. Abin da ta gani a ciki bai yi mata daɗi ba. Ta ce ciwon ya ruɓe, kwanaki suka rage ba makonni ba, idan baƙin ya haura idon sawu to sai dai a yanke ƙafar, idan ya wuce nan kuma sai abin da Allah ya yi. Amir ya ce wannan ai ba abin dogon zance ba ne, a samu ƙarti huɗu a ɗauke tsoho cak a sa a motarsa. Kanayo ya girgiza kai. Ya ce mutumin da aka ƙwace wa shanu, aka ƙwace wa ɗa, abu ɗaya ya rage da yake da iko a kansa, shi ne wa zai taɓa jikinsa. Idan aka ƙwace wannan ma, za a dawo da ƙafa daga asibiti amma ba za a dawo da mutumin ba. Amir ya ce to sai a zuba masa ido ya mutu da mutuncinsa ke nan? Kanayo ya tashi. Na ga dai ya koma shago ya zauna yana kallon hannunsa.

Washegari da hantsi Bamanga ya dawo benci, don labarai sun fi ƙarfin fushinsa. Sai ga Kanayo ya tsallako, hannun dama a naɗe da tsumma. Bai ba da haƙuri ba, bai ambaci ƙafa ba. Ya tsuguna ya ce ya ji an ce Fulani sun san jijiya, tunda su suke gyara ƙafar maraƙi idan ta gurɗe. Ya kwance tsumman ya miƙa babban yatsansa.

Ni kaina sai ranar na gani. Gindin yatsan ya kumbura ya karkace kamar citta. Shekara biyu yana ɓoye shi, ko Amir da yake zuwa duk sati bai lura ba. Bamanga ya so ya kau da kai, amma hannun makiyayi ba ya ganin gaɓa a kumbure ya ƙyale. Ya kama yatsan yana juya shi, yana faɗa ƙasa-ƙasa cewa wane irin mutum ne zai bar hannunsa ya lalace haka. Ya sa aka samo man shanu, aka ɗumama a murfin gwangwani a kan gawayin shagon. Ya shafa, ya danna gindin yatsan.

Kanayo ya kurma ihu. Ba ƙaramin ihu ba, har mai shayi ya fito da ludayi a hannu. Direbobi suka fashe da dariya, wani yana cewa yau Mai Tausayi ya haɗu da wanda ba ya tausayi. Bamanga ya saki hannun, kunya ta kama shi a madadin mai ihun.

"Namiji da furfura, kana ihu a titi?"

"Baffa, idan ban yi ihu ba, ta yaya za ka san inda ciwon yake?"

Dattijon ya sunkuya. Ya sake kama yatsan, a hankali wannan karon.

Safiya huɗu ana haka. Kanayo ya tsallako da man shanu, ya miƙa hannu, ya yi ihunsa, ya ce ga inda ya fi zafi, a'a ƙasa kaɗan, yauwa nan. Idan an gama ya yi godiya da Fulatancin da ya tsinta a bakin masu nono, Bamanga ya gyara masa lafazi. Safiyyatu kuwa kullum sai ta bi ta wurina ta tambaya da ido, in girgiza kai. Takun dattijon yana ƙara nauyi, rana ta huɗu har na ga gumi a goshinsa da sanyin safiya. A wannan rana na tare Kanayo na tambaye shi abin da yake ci mini rai: wannan dabara ce ko gaskiya? Domin idan dabara ce, to yaudarar dattijo ake yi a bencina, ko da don alheri. Ya ce: "Hannun gaskiya ne. Ihun ma gaskiya ne, shekara biyu ina haɗiye shi. Ranar fitar da shi kawai na zaɓa."

Sai daga baya na gane abin da ya saka a ciki. Mai tausa da hannunsa yake ci. Kafin sati ya zagayo zance ya gama tasha cewa hannun Kanayo ya mutu. Wasu da suka shekara goma suna zama a kujerarsa suka koma wani sabon shago mai kujerar lantarki a unguwar Madaki, ba su dawo ba. Ya san za a yi haka tun kafin ya kwance tsumman. Abin da ya fi tsoron a gani shi ya shimfiɗa a tsakiyar titi, don wani tsoho da bai san shi ba, wanda ma ya gwale shi a gaban mutane, ya ga cewa ana iya nuna ciwo kuma a tashi da mutunci.

Kanayo, kai ne ka zauna lokacin da zama ba shi da daɗi. Kai ne ka tsinto takalmanmu ranar da muka gudu muka bar su, ka san na kowa. Shekara ashirin da uku kana riƙe abin da mu kanmu muke ƙyamar dubawa a jikinmu, faso da kaushi da warin tafiya, ban taɓa ganin ka yatsina fuska ba, ban taɓa jin ka fita da sirrin ƙafar wani ba. Ba masallacinmu kake shiga ba, amma sau nawa ka taimaka wa tsoho ya iya tsayuwa a sahu. Bayan abin da ya faru ka ƙara shekara biyu kana aiki da gaɓoɓin yatsu da guntun icen nan, kana cije leɓe, har ka koya wa Cornelius, magidancin da zai riƙe shagon, duk abin da ka sani. Yanzu likita ya ce ya isa, hannun ya gama nasa. Mun gode, Mai Tausayi. Allah ya hutar da gajiyarka, ya ba hannun nan sauƙi, ya saka wa Obiamaka da ta durƙusa tare da kai. Allon kuma na janye maganata. Na gaya wa Cornelius ranar da ya kira mai fenti, ni da shi ne.

Ku kuma masu karatu, ba cewa nake kowa ya sayi roba da man kaɗanya ba. Garin nan cike yake da mutanen da suka taho da abu a naɗe cikin tsumma, kana gaishe su suna cewa lafiya lau. Mun iya ba da sadaka daga tsaye, hannunmu a sama, mu wuce muna jin daɗin kanmu. Abin da ba mu iya ba shi ne mu tsuguna, mu fara nuna namu rauni, mu bar wanda muke so mu taimaka ya fara taimakonmu. Wannan shi na gani a tsallaken titi, kuma ya fi duk abin da na karanta a jaridu wuya.

Yau Bamanga yana takawa da ƙafa biyu. Ƙaramin yatsa ɗaya ya tafi, likitocin suka ce da an ƙara kwana uku da ba haka zancen zai kasance ba. Yana kasuwar shanu yana duba wa mutane dabba kafin su saya, kuma ana jin maganarsa. Amma ba a asibiti aka ceci ƙafar nan ba. An cece ta ne a safiya ta biyar, kuma ina wurin.

Na zo buɗe rumfa ke nan sai na ga dattijon bai nufi bencina ba. Yana tsaye a ƙofar shagon Kanayo, ya dogara da sanda da hannu biyu, ya ɗaga kai yana kallon allon. Ba ya karanta boko. Ya yafuto ni, ya ce in karanta masa abin da yake sama. Na karanta: ana tausayin ƙafa a nan. Na buɗe baki zan fara bayanin da na saba, ya ɗaga mini hannu.

Ya shiga. Ba kowa a ciki sai tururi da robobi huɗu. Kanayo yana tsugune yana gwada ruwa da gwiwar hannu, ya ga shigowarsa amma bai ɗago ba, ya ci gaba da gwada ruwan da ya riga ya gwada. Bamanga ya jingine sandarsa a bango, ƙarƙashin zanen tafin ƙafa. Ya cire malfa. Ya zauna a kujerar ƙarshe, wadda ba a hango ta daga titi.

"Abin nan da aka rubuta a ƙofarka," ya ce. "Yi mini."

"Baffa, Malam Bawa ya ce kuskure ne aka rubuta."

"Na ji. Wanda aka rubuta nake so."

Kanayo ya jawo 'yar kujerarsa, ya shimfiɗa tawul a cinya, ya ajiye hannuwansa a kai a buɗe, bai kai su ko'ina ba. Ya ce shi ba likita ba ne, abin da zai gani ya san ya fi ƙarfinsa, wankewa kawai zai yi, daga nan sai motar Amir. Dattijon ya gyaɗa kai. Ya sunkuya, ya zare takalmin da ƙyar, ya fara warware tsumman da kansa, zagaye bayan zagaye. Da ya zo na ƙarshe, wanda ya manne da nama, sai hannunsa ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga ƙafar ya ɗora ta a kan tawul ɗin.

"A gindin aduwar da na rufe Hamman na taka ta," ya ce. "A hankali, Kanayo. Akwai zafi."